Kafintan da Ya Raɗa wa Ɗansa Ikabod

Ranar Lahadi ce, hadari ya haɗu tun safe, ruwan kuma ya ƙi sauka. Ya 'yan'uwa, a ranar ce abin ya fara.

An yi wani mutum, kafinta. Shi ya ƙera bencinan majami'arsu, shi ke ba da waƙa. Mahaifinsa dattijon majami'a ne. Da kafintan ya mari matarsa tana da tsohon ciki, dattijon bai rufa masa asiri ba, shi ya sa aka dakatar da shi daga waƙa. Kafinta ya riƙe abin a ciki, yana jira.

Matar ta haifi namiji. A wannan Lahadin aka kawo jaririn gaban jama'a, fasto ya tambayi uban suna.

"Ikabod," in ji shi.

Fasto ya rage murya. "Ɗana, ka san ma'anarsa kuwa?"

"Na sani. Ku faɗa da ƙarfi, kunnen Baba ya yi nauyi."

Sunan Ibrananci ne, ma'anarsa daraja ta tafi. Asalinsa gidan wani tsohon firist ne wanda 'ya'yansa suka lalace. Ranar da aka kashe su a yaƙi aka ƙwace akwatin alkawarin Allah, tsohon ya faɗo daga kujera, wuyansa ya karye. Surukarsa ta haihu tana bakin mutuwa, ta bar wa jaririn wannan suna. Kowa a majami'ar ya san labarin. Kowa ya juya ya dubi dattijo.

Tsohon ya miƙa hannu ga sandarsa, hannun ya ƙi kamawa. Kafin a kai shi ƙofa bakinsa ya karkace. Kwana tara bai ce uffan ba, ran na goma ya cika.

Wa zai yi akwatin gawa in ba kafinta ba? Sau uku yana auna katako, sau uku yana yankawa gajere. Yana cikin haka uwarsa ta tsaya a ƙofar shago.

"Kai, ka karanta labarin nan da kyau? A cikinsa wa ya haifi Ikabod?"

Zarto ya faɗi daga hannunsa. Uban yaron ai lalataccen ɗan ne, wanda saboda shi darajar ta tafi, wanda bai ko ga jaririn ba. Shi kafinta, tsohon kaɗai ya hango a labarin, bai ga kansa ba.

Daga ranar hannunsa bai ƙara iya aikin katako ba. Matar ta goya ɗanta ta koma gidan yayanta. Yana zaune a shago, in an ƙwanƙwasa ƙofa sai ya zabura.

Ya 'yan'uwa, suna addu'a ce da yaro zai amsa har mutuwarsa. Wane irin uba ne zai mai da ita makami?

Ga abin da ya rasa: uba ɗaya, mata ɗaya, ɗa ɗaya, da hannu biyu masu aiki.

Allah ya kiyaye bakunanmu, ya kiyaye mu. Amin.