Itacen Malam Amos da Wutar Layyar Unguwarmu

Godiya ta tabbata ga Allah mai ɗaukaka wanda ya so daga bayinsa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, zan ba da labarin abin da idona ya gani daga Shehinmu, masanin Allah, mai zuhudu da tsantseni, Allah ya haskaka makwancinsa. Mutum ne da ya sha fiƙihu da tafsiri har manyan malaman Adar suna tasowa daga Tabaram da Takanamat don ya warware musu mas'ala, amma in ka gan shi a zaurensa na ƙasa a nan Tawa, kan buzu ɗaya da ya koɗe, sai ka ɗauka baƙo ne da ya tsaya shan ruwa. Bai taɓa ɗaga murya ba, kuma duk 'yan siyasar da suka yi ta zarya a ƙofarsa tun da ƙasa ta koma hannun farar hula, babu wanda ya samu fiye da addu'ar da yake yi wa kowa, wato Allah ya zaunar da jamhuriya lafiya.

Ni Ma'azu tela, na daɗe ina ɗaukar karatu a gabansa, kuma ni ne mai hura wutar layya a layinmu, aikin da nake taƙama da shi fiye da ɗinkina. Wanda ya san Tawa ya san yadda muke yi. In an sauko Idi kowa ya yanka ragonsa ya feɗe, sai a buɗe shi a ɗaure kan sanduna, a shafe shi da gishiri da yaji, a kafa ragunan layi duka kewaye da wuta guda a tsakiyar hanya, su wuni suna gasuwa a hankali, rabo kuma sai kashegari. Itacen wutar na tarayya ne, kowane gida da nasa kason.

A cikinmu akwai Malam Amos, malamin lakkwal, wato makarantar boko, Kirista ne daga wajen Maraɗi, da matarsa Rebeka. Rabin samarin layin shi ya koya musu rubutun boko. Ba ya yanka, amma tun shekarar da ya sauka unguwar bai taɓa fashin kawo itace ba, kuma nasa ne ya fi na kowa kyau, busasshiyar bagaruwa da yake zuwa ya zaɓo da kansa. Kashegarin sallah nama ya shiga gidansa daga kowane gida, ranar Kirsimeti kuma shinkafar Rebeka ta zaga mu. Haka muka taso muka gani, ba wanda ya taɓa tsayawa tunani a kai.

A shekarar da nake magana an yi zaɓen kansiloli, aka sa Malam Amos shugabancin biron zaɓe, wato rumfar jefa ƙuri'a, na lakkwal ɗinmu, kamar yadda ake sa malamai. Ɗan takarar da Muktari dillalin albasa yake bi ya faɗi da ɗan ƙaramin rata. Muktari ba mugu ba ne, ina son sa har yau, amma bakinsa ya fi tunaninsa sauri. Ya fara cewa an sa hannu a akwatin ƙuri'a, daga nan maganar ta zama wai Malam Amos baƙo ne, daga nan ta zama wai ba ma addininmu ɗaya ba, me ya sa za a ba shi amanar ƙuri'unmu. Aka daina gaishe shi. Mata suka daina shiga wurin Rebeka. Shehu ya yi nasiha bayan sallar la'asar kan haƙƙin maƙwabci da nauyin zato, kowa ya ce to, aka fita aka ci gaba. Ana gobe sallah muka ji Malam Amos ya nemi a mayar da shi kudu, kuma ranar sallah zai kwashe kayansa zuwa tasha. Wallahi abin ya yi mini zafi, don shi ya koyar da 'ya'yana.

Duk da haka da safe sai ga itacensa a inda ake tarawa, a ɗaure tsaf kamar kullum. Muktari ya ɗauke shi ya jefar a ƙofar gidan mutumin, ya ce wutar Musulmi ba ta bukatar taimako.

Shekarar kuwa Allah ya yi buɗi. Albasa ta yi kuɗi, kasuwar dabbobi ta cika, hanyoyi lafiya lau, har waɗanda suka saba zuba ido sun yanka. Ragunan da muka kafa ban taɓa ganin yawansu a layin ba. Sallar kuma ta faɗo cikin bazara, lokacin da ɗanyen nama ba ya jiran kowa.

Na jera itace yadda na saba, na sa kara da ciyawa, na ƙyasta ashana. Ciyawar ta ci ta mutu, itacen ko baƙi bai yi ba. Na sake. Aka kawo garwashi daga gidaje, muka yi ta fifita har hannu ya gaji, garwashin ya zama toka. Muktari ya zuƙo isansi, wato fetur, daga motonsa ya kwara, wuta ta tashi buu ta lashe isansin ta kwanta, ta bar mu da ɗoyi. Itacen nan busasshe ne ƙayau, na karya shi da hannuna na gani. Rana ta take tsaka, ƙudaje suka fara taruwa, mata suna leƙowa daga zaure, masu tsokana suna tambayata ko allura ce ta cinye mini basira. A can layin baya kuwa ƙanshin nasu har ya fara iso mu.

Na tafi na durƙusa gaban Shehu na gaya masa. Ya rufe littafin da ke hannunsa, sannan ya ce, "Iccen kowa ya shiga wutag ga?"

Sai na faɗa masa abin da aka yi da itacen Malam Amos. Ya ɗauki sandarsa ya miƙe, ya wuce ta gaban ragunan bai ko dube su ba, jama'a suka bi shi a baya ba wanda ya kira su. Ya tsaya a ƙofar Malam Amos, inda amalanken jaki ke tsaye an riga an ɗaure katifu da tukwane da akwatin littattafai. Dattijon nan da gwamnoni suke cire takalmi kafin su shiga wurinsa, shi ne ya tsaya cikin rana yana sallama, yana jira a ba shi izini.

Malam Amos ya fito da sauri ya rusuna. Shehu ya gaishe shi, ya tambayi iyali, kamar ba abin da ke faruwa, sannan ya ce masa iccensa muke biɗa, kuma da hannunsa zai sa.

"Allah gafarta Malam," in ji Malam Amos, "an ce hannuna ba shi da amana."

Shehu ya waiwaya ya nemi Muktari cikin mutane, ya tambaye shi a hankali abin da ya gani da idonsa ranar ƙidaya. Muktari ya sunkuyar da kai ya ce wakilinsu yana wurin aka ƙirga a gaban kowa, shi dai ji ya yi, kuma faɗuwa ba daɗi.

"Faɗuwa ba daɗi," in ji Shehu, "amma wani zaɓe na tahe. Maƙwabci in ya tahi, ya tahi. Ɗauko iccen."

Muktari ya ɗora damin nan a kansa, yana sanye da sabuwar shaddarsa ta sallah, ya kai har wurin wuta. Malam Amos ya tsuguna ya kwance igiyar, ya jera itacensa kan namu. Ina riƙe da ashanar a hannuna, ban ƙyasta ba, kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa tokar nan na taɓa ta kafin mu tafi, sanyi ƙalau. Shehu ya yi bisimilla, bai ƙara komai ba. Sai hayaƙi siriri ya fito daga ƙarƙashi, sai ƙara, sai wuta ta kama daga wannan gefe zuwa wancan gaba ɗaya, babu iska, babu fifita. Jama'a suka yi kabbara. Malam Amos ya ja da baya yana share ido, ya ce godiya ga Ubangiji. Da muka juya, Shehu har ya kusa zaurensa. Daga baya da na yi ƙoƙarin tayar da maganar, cewa ya yi wuta baiwar Allah ce, tana yin abin da aka umarce ta, in ɗauko karatuna.

Ko rago ɗaya bai lalace ba. Amma amalanken yana nan a ƙofa har kashegari, don Malam Amos bai ce ya fasa ba, mu kuma kunya ta hana mu tambaya.

Da hantsi Shehu ya cire karfatar ragonsa ya ba Muktari ya kai. Muktari ya je ya yi sallama, Rebeka ta fito, ta dube shi ta dubi naman, ta ce ba ta da abin karɓa, duk kwanoninta suna cikin ɗauri. Muktari ya ce to zai tsaya. Kafin ta yanke shawara mata sun jeru a bayansa da farantai a ka, daga kowane gida na layin. Sai ta kira mijinta ta ce ya zo ya kwance mata igiyar nan, tana son babban kwano, da tukunya, da wuƙa. Mai amalanke ya koma tasha da jakinsa babu kaya.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah ya gudanar a hannun bawansa, tsarki ya tabbata gare shi. Ya Allah ka ƙara wa Shehinmu yarda, ka yalwata kabarinsa, ka ba mu rabo daga albarkarsa da haƙurinsa. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, ka shiryi masu mulkinta, ka bar mu da maƙwabtanmu. Amin.