Bakaniken da Ya Sauke Iyalinsa

An yi wani mutum a Birnin Kebbi, a shekarun da Turawa ke naɗe kayansu za su koma gida. Bakanike ne, garejinsa na Nasarawa, a gindin wata tsamiya. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsa suna nan, kuma ba su yi wa kowa laifi ba.

Allah ya ba shi hannu. Ko ƙarar mota ya ji daga nesa, zai gaya maka abin da ke damunta. Sai yabo ya shiga kansa. Babu abin da ya ƙi a duniya kamar ya buɗe baki ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina." Kullum alfaharinsa mota ba ta kwana a garejinsa. Ya 'yan uwa, kun san irinsu. Wataƙila ma wani yana cikinmu yanzu yana gyaɗa kai, yana zaton da maƙwabcinsa nake.

Yana da amini tun ƙuruciya, wani direba mai suna Maiwada. Da wani Baturen gona zai tafi, Maiwada ya sayi tsohuwar motarsa, aka yi mata bodin katako da bencina, ya shiga jigilar mutane tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Hanyar kuwa a lokacin jar ƙasa ce, gargada tun daga farko har ƙarshe. Ta karya sifirin, ta kwance noti, fasinja ya sauka ƙugunsa na ciwo.

Wata rana Maiwada ya kawo motar, ya ce sitiyari yana wasa a hannunsa, sai ya murɗa da yawa kafin ƙafafun gaba su amsa. Bakanike ya ɗaga ta da jak, ya kama taya ya girgiza, nan take ya gane. Kan tayarod ne ya cinye, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota. A bakinsa akwai wani dunƙule kamar goro, yana zaune cikin gurbinsa. Ran da ya fice daga gurbin nan, sitiyarin da ke hannun direba bai fi faifai amfani ba.

Maganinsa ɗaya ne, a aika Sakkwato a nemo sabo, mota ta zauna har ya iso. Ya san haka sarai. To amma a ji a tasha cewa mota ta gagare shi? Sai ya ce wa Maiwada ya dawo da la'asar. Ya yanko guntun fata ya cusa a gurbin, ya sa guduma ya daddake bakin ƙarfen har ya matse, ya cika shi da giris. Da Maiwada ya dawo ya murɗa sitiyari, ya ji ya kama gam.

Ya ce, "Ka tabbata ta yi? Rayukkan mutane nika ɗauka."

Bakanike ya ce, "Wallahi ko Makka za ka, ta kai ka."

Kun ji fa, da sunan Allah ya rantse a kan fata da giris.

Ba a jima ba, cikin damina, wata 'yar unguwarsu da ke aure a Argungu ta haihu, matan Nasarawa suka shirya zuwa suna. Da matarsa Luba a ciki, da 'yarsu Sadatu. Bai tambayi motar da za su shiga ba. Da hantsi ya biyo ta tasha, sai ga su zaune a bencin gaba cikin motar Maiwada, sun ci ado, yarinyar tana ɗago masa hannu.

Ya 'yan uwa, a nan ne Allah ya buɗe masa ƙofa. Me ya rage masa? Ya ce, "Maiwada, kashe motar nan, na cuce ka." Da ya sha kunya ta yini ɗaya, shi ke nan. Bai faɗa ba. Sai ya matsa kusa ya ce, "Luba, ku sauko ke da ɗiyag ga. Baƙi gare ni yau."

Maiwada ya leƙo ya ce, "Lahiya dai?"

Ya ce, "Lahiya lau."

Akwai wata maƙwabciyarsu, Nana, katanga ɗaya ta raba su. Cikinta na fari ya tsufa, za ta gidan iyayenta a Argungu goyon ciki, an ce mata mota ta cika, tana tsaye da ƙullin kayanta. Da Luba ta sauko, Nana ta hau tana dariya. Ta dube shi ta ce, "Allah shi saka maka da alheri, ka yi min wuri." Ya buɗe baki ya ce, "Amin."

A gangaren wani kwalbati da ke kan fadama fatar ta saki. Waɗanda suka tsira sun ce sun ga Maiwada yana ta murɗa sitiyari yana salati, mota ba ta jin sa. Ta bar hanya ta kife cikin ruwa. Aka ciro Maiwada, aka ciro Nana da abin da ke cikinta, da wasu mata na unguwar, duk babu rai.

Babu alƙalin da ya kira shi. Mutane suka ce tsohuwar mota ce, kwana ne ya ƙare. Suna fitowa daga gidajen gaisuwa suna biyowa ta gidansa suna yi masa barka da arziki, suna cewa lallai Allah na son sa. Shi kuwa yana amsawa.

Luba kaɗai ba ta yi masa barka ba. Ita ta tuƙa tuwon baƙi ran nan, har ya huce babu wanda ya yi sallama. Bayan an yi sadakar uku ta tare shi a tsakar gida ta ce, "Maigida, ina baƙin naka? Mi kas sani bisa motag ga?" Ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Nana wurina taz zamna." Ta ɗauki 'yarta ta tafi gidansu a Augie. Ba ta tona masa asiri ba, kuma ba ta dawo ba.

Kun san wa ya riƙa ciyar da shi bayan nan? Mijin Nana. Ya ce su biyu duk an bar su a gida babu kowa, ya riƙa miƙo masa akushi ta kan katanga. Wallahi duk ran da na zo nan a labarin nan sai zuciyata ta karye.

Ya kasa riƙe sifana, gareji ya mutu. Ya koma yini a tasha, duk motar da ta yi lodi sai ya kama tayarta yana girgizawa, yana kuka yana cewa, "Ku sauko! Ku duka ku sauko!" Da bakinsa ya faɗi abin da ya yi, amma wa ke sauraron mahaukaci? Direbobi suna korar sa, fasinja suna dariya, a haka ya bar duniya.

Ya 'yan uwa, ha'incin gareji zunubi ne babba, amma wanda ya halaka shi a tasha ya yi shi. Abin da bai yarda da shi ga matarsa da 'yarsa ba, ya yarda da shi ga matar wani. Kai mai gyara, kai mai gini, kai mai sayar da magani, kafin ka ce aiki ya yi, ka tambayi kanka ko za ka bar 'yarka ta zauna a ciki.

Allah ya jiƙan Nana da Maiwada da waɗanda suka tafi tare da su. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun mota ba ta tashi ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye bayinsa daga hannunmu. Amin.