Harshen Cindo da Rijiyar Nomau

A can wani zamani an yi wani sarki a Birnin Ƙirya mai suna Mamuda, mutum mai son adalci kuma mai son raha, halaye biyu da ba kullum suke zaman lafiya a ƙirji ɗaya ba. Wazirinsa Ɗalhatu dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda fadawa suke rantsuwa ba su taɓa ganin haƙoransa ba.

A birnin akwai wani ɗan gambara, Cindo, wanda sana'arsa ita ce ya tsaya a tsakiyar taro ya saki baki, ya faɗi abin da mai kunya ba zai faɗa ko a ƙuryar ɗakinsa ba, mutane suna dariya suna cewa Allah ya shirye shi. Al'adar garin kuwa, duk wanda wasa ya yi wa daɗi yakan cire hularsa ko rigarsa ya jefa wa mai wasan.

Ana nan sai rijiyar da ake haƙawa a bakin kasuwa ta rufta da mai haƙarta, wani bawan Allah Nomau. An ji muryarsa daga ƙasa yana kira, aka yi ta tono, amma gawarsa aka fito da ita, matarsa Tabawa ta shiga takaba. Tun ba a tashi daga zaman makoki ba wani attajiri ya yi biki, Cindo ya zo da la'asar ya shiga fili. Ya kwanta rub da ciki, ya tura bakinsa cikin tulu don muryarsa ta fito kamar daga rami, ya ce, "Wayyo jama'a, ku jawo ni! A'a, ku dakata. Tabawa tana nan? To ku bar ni, nan ya fi ɗakinta iska!" Daga nan ya shiga siffanta jikin matar da kalmomin da alƙalamina ya ƙi rubutawa, ni kuma ban matsa masa ba. Wuri ya kaure da dariya, huluna da riguna suka yi ta sauka a kansa, kafin magariba labarin ya shiga ko'ina, har fada.

Da gari ya waye sai mutane suka tashi da wata fuska dabam. Wanda bai je bikin ba ya nemi wanda ya je ya faɗa masa, ya ji, ya yi salati, ya garzaya ya faɗa wa na gaba. Cindo ya fito kasuwa yana cewa, "Haba jama'a, wasa ne fa! Tun kakana muke wannan sana'a." Wannan magana ta ƙara hura wutar. Mai fura ta ƙi sayar masa, ya shiga masallaci sahu ya dare, aka yi ta jifan gidansa har matarsa ta tattara ta tafi gidansu. Mutumin da ya rayu da hayaniyar taro ya kulle kansa a ɗaki yana jin ta ta bayan bango, tsoro ya hana shi ko cin abinci.

Daga ƙarshe aka jawo shi fada, Sarkin Kasuwa Labaran yana gaban jama'a. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan fasiƙi ya ci naman mamaci, ya keta alfarmar mai takaba. Talakawanka ba su roƙon komai sai a yanke harshensa."

Sarki ya dubi waziri ya ce, "Ɗalhatu, ga mas'ala. In na yanke harshen nan na yi hukuncin da shari'a ba ta ba ni ba, in na sake shi na nuna mutuncin talaka ba shi da mai tsaronsa. Nemo mini hanya ta uku."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, laifin Cindo tabbatacce ne, ba ni da kalma ɗaya ta kare shi. Sai dai ina roƙon a kawo abin da aka jefa masa a ranar, domin dukiyar da aka samu da ɓarna ba ta cancanci zama a gidansa ba."

Dogarai suka kawo ƙunshi, waziri ya kwance da hannunsa, ya riƙa ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar mai shi. A garin da kowa ya san ɗinkin hular maƙwabcinsa, tambayar ba ta bukatar amsa. Kawuna suka fara sunkuyawa. Da aka ɗaga wata babbar riga shuɗiya mai aska takwas, kowa ya gane ta Labaran ce. Can ƙasan ƙunshin kuma sai ga alkyabba fara. Ashe da yammacin bikin wani bafade ya kwaikwayi wasan a gaban sarki, sarki ya yi dariya har da hawaye, ya aika wa Cindo da ita, sannan ya manta, ko kuma ya so ya manta.

Sarki ya daɗe yana kallonta, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Tawa ce. Ci gaba, Waziri."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, saura mai haƙƙi. Kowa ya yi fushi dominta, ban ji wanda ya tambaye ta ba."

Tun da mai takaba ba ta fita, sarki da kansa ya tashi, jama'a suka bi shi har zauren Nomau, Tabawa ta tsaya a bayan asabari. Waziri ya yi mata ta'aziyya, ya tambaye ta yaushe ta ji maganar Cindo.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san muryar Cindo ba, ina ɗaki. Mutane ne suka yi ta sallama wai sun zo jaje, kowa sai ya zauna a zauren nan ya maimaita mini ita daga farko har ƙarshe, don in san girman abin da aka yi mini. Sarkin Kasuwa ma da ya zo, tulun ruwana ya sa aka miƙo masa, ya sa baki a ciki don in ji yadda aka yi. Tun ranar ban iya shan ruwan tulun ba."

Wani dattijo ya saki salati da ƙarfi. Waziri ya ce, "Me kike so a yi wa Cindo?"

Ta ce, "In an yanke harshensa me zan yi da shi? Mijina ya mutu bai ga ruwan rijiyar nan ba, ga ta can an watsar, kowa yana tsoron shiga."

Waziri ya juya ga sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ta yanke hukuncin. Cindo ya shiga ya ƙarasa rijiyar. Waɗanda suka jefa masa tufafi su riƙe masa igiya, waɗanda suka kawo maganar zauren nan su kwashe ƙasa, su kuma riƙa kawo wa gidan nan ruwa har ta fita takaba."

Sarki ya ce, "Mai alkyabba ne zai fara riƙe igiyar."

Da hantsi aka gyara bakin rijiyar da itatuwa, aka ɗaura wa Cindo igiya a ƙugu. Sarki ya naɗe hannun riga ya kama, Labaran yana bayansa, aka yi ta sassautawa har igiyar ta yi sako-sako. Aka jira a ji saran dagi, ƙarfen haƙa, ba a ji ba. Aka kira sunansa, shiru. Can sai wata murya ta taso daga ƙasa, siririya, tana rawa, ta ce, "Wayyo jama'a, ku jawo ni."

Kalmomin nan ne dai na ranar biki, amma babu wanda ya ko murmusa. Nan take aka shiga jan igiya. Da aka fito da Cindo yana rungume da dagin Nomau da ya tsinta a ƙasa, hawaye sun wanke masa fuska. Ya kai shi zauren Tabawa ya ajiye, ya durƙusa ya nemi gafara, ya dawo ya ce a sake ɗaura masa igiyar. Bai bar aikin ba sai da rijiyar ta kawo ruwa.

Sarki ya yi wa waziri kyautar gona da gida, ya kuma umarta a bar farar alkyabbar a rataye a zauren shari'a, inda idonsa zai riƙa faɗawa kanta duk ranar da aka kawo masa mai laifi. Domin adalci ba ya cika a hannun mai hukunci sai ya fara tambayar kansa inda yake tsaye ranar da aka yi laifin, sannan ya saurari wanda aka zalunta kafin masu ihu da sunansa.