Tsohon da Ya Cire Riga a Gaban Ɗalibai

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari mai makarantar koyon aikin likita. Malam Nomau ake ce masa, tsoho tukuf. Ku saurara, jama'a, don zancen namu ne.

Matarsa Tabawa ta kwanta a asibiti. Kullum ɗaliban likita, sa'o'in jikokinta, su tsaya a kanta: "Iya, yaya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Su wuce gado na gaba. Alhali fitsari ya tsaya mata, mara ta kumbura. To ina Tabawa, ina faɗa wa yaro wannan? Kunya ta rufe mata baki har ta cika.

Dangi suka ce a kai ƙara. Nomau bai kai ba. Da aka share makoki, ya dogara sandarsa ya je wurin malamin ɗaliban. Ya ce, "Likita, yaran nan ba mugaye ba ne, tsoho ne ba su sani ba. Ga ni, su koya a kaina."

Haka ya dinga zuwa. Ya cire riga a gaban yara, su latsa nan, su latsa can, yana gaya musu abin da tsoho ke ɓoyewa, kunya kamar ya nutse. Gari ya ɗauka wai tsufa ya taɓa masa kai. Ɗansa ya ce, "Baba, ka zubar mana da mutunci." Daga nan ɗan ya daina taka gidan. Nomau ya yi kuka, wallahi ya yi kuka, amma bai fasa ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wata likita ta zo, Saratu, cikin waɗanda suka koya a kansa. Ta ce, "Baba, yaya jiki?" Baki ya saba, ya ce, "Da sauƙi."

Ba ta wuce ba. Ta ja labule, ta zauna, ta sassauta murya: "Na ji, Baba. Yanzu gaya mini inda ke ciwo."

Hawaye suka zubo masa. A hannunta ya cika, ɗan nasa kuwa sai a jana'iza.

Jama'a, mai haƙuri don amfanin wasu, ladansa na wurin Allah ko mutane sun zage shi. Ku masu 'ya'ya a karatun likita, ku gaya musu tsofaffi ƙaruwa suke yi, mu ma can muka nufa. In tsohon gidanku ya ce da sauƙi, kada ku wuce. Ku zauna, ku sake tambaya.