Tarkon Nuala da Tukunyar Fintan

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu da ke yankin Leitrim a ƙasar Ireland, sunansa Fintan Gilhooly. Shanun madara yake kiwo, kuma kowa ya san shi da kafiya. Idan ya ce a'a, ko limamin coci ne ya zo sai ya haƙura.

Shekara uku da suka wuce wani ya jefar da 'yar kyanwa cikin kwali a bakin gonarsa. Fintan ya bar ta a rumbun ciyawa, ya sa mata suna Peig. Ba ta yarda a taɓa ta, ko shi ma, amma kullum da safe tana biye da shi zuwa wajen tatsa. Tun rasuwar matarsa ita ce abokiyar hirarsa, sai dai ba zai taɓa faɗa ba.

Nuala Devaney kuwa ita ce tsohuwar mai raba mana wasiƙu. Da ta ajiye aiki sai ta koma kama kyanwoyin da ba su da mai su. Takan kai su wa likitan dabbobi ya yi musu aikin hana haihuwa, ya ɗan yanke tsinin kunnen hagu don a gane an yi, sannan ta mayar da su inda ta kamo su.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ta tare shi.

"Fintan, yaushe zan zo in ɗauki Peig?"

"Ki kai ta ina? Kyanwar da aka yi wa aiki ai ta zama matashin kai, sai barci. Ita da duk 'ya'yan da za ta haifa ma'aikata ne. Ko loma ba na ba su, ɓera suke ci."

Mutane suka kwashe da dariya. Nuala ta ce, "To, Allah ya ba ma'aikata lafiya," ta wuce abinta.

Peig ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, jikoki ma suka fara. Kafin ka ce kwabo sun kai ashirin da uku, ga faɗa, ga ciwon ido. Sai wata safiya Peig ba ta fito tatsa ba. Ya hango ta can saman ciyawa, ta rame, tana numfashi da ƙyar. Ya miƙa hannu, ta ja da baya.

Da kansa ya je ƙofar Nuala, hula a hannu. Ba ta tuna masa maganar coci ba. Ta ɗauko tarkunanta na keji, ta zuba kifin gwangwani a ciki, ta ce, "Sharaɗi ɗaya ne. Kada su sami wani abinci, yunwa ce ke shigar da su."

"Na ce miki ba na ba su komai."

Kwana biyu tarkuna na ɗane, abin da suka kama duka bushiya ce guda ɗaya. A rana ta uku Nuala ta yi sammako, ta zagaya bayan rumbu. Sai ga Fintan a tsugune da tukunyar dafaffiyar kaza, yana rabawa, yana kiran kowace da sunanta.

"Kai Fintan! Wannan ne ɓeran?"

Kunya ta kama shi. "Kallona suke yi, Nuala. Ya zan yi da su?"

"Tausayin nan naka shi zai kashe Peig. Miƙo tukunyar."

Ta ƙwace tukunya, ta sa shi a mota, ta zaunar da shi a gidanta tana ɗura masa shayi da burodi, don ta san idan ta sake shi zai koma. Washegari ma haka. Da la'asar suka tarar da kyanwoyi huɗu a tarko, har da Peig.

Likita ya ce mahaifarta ta cika da mugunya, da an ƙara kwana biyu da sai dai labari. Fintan ya fita waje yana share ido, wai iska ce ta shige masa.

Cikin wata guda aka yi wa manyan duka aiki, ƙananan tara kuma Nuala ta samo musu gidaje. Faɗa ya ragu, rumbu ya yi shiru, Peig ta murmure ta yi ɓulɓul.

Ranar da Nuala ta zo kwashe tarkunanta, suna tsaye a tsakar gida sai ga Peig da yankakken kunnenta, ta jawo wani ƙaton ɓera ta ajiye a kan takalmin Fintan.

Nuala ta ce, "Ga matashin kanka ya kawo gaisuwa."

Fintan ya yi dariya har da tari. Yanzu shi ke ɗaukar mata tarkuna a bayan motarsa, kuma duk gonar da suka shiga shi ke fara cewa, "Ku ɓoye tukunya."

Darasi: Tausayin dabba ba a ciyarwa kaɗai ya tsaya ba. Ka kai kyanwarka a yi mata aikin hana haihuwa tun kafin wahala ta yi mata yawa, kuma kada girman kai ya hana ka sauraron wanda ya fi ka sani. Ku tura wa duk wanda ke da irin tukunyar Fintan a bayan gida.