Injin Sanyi a Bakin Ramin Rini

To, ku gyara zama, ga wata na kawo muku, kuma ba ta dariya ba ce. Kai Lawandi, kife wayar nan tukuna. Idan na kai ƙarshe tambaya zan yi, kuma duk wanda ya san zai ce mini "ai kowa ya yi ƙoƙari" gara ya tashi tun yanzu ya ba wani wuri.

A wani gari can gabas, inda zafin bazara ke sa kwalta ta yi laushi, an yi wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai 'ya'ya uku. Babban shi ne Sallau, mai gyaran firij da firiza, wanda da jin ƙarar kwamfuresa zai gaya maka abin da ke damunta. Mai bi masa Nafi'u, walda yake yi, ta bututun jan ƙarfe, idan ya haɗa biyu sai ka rantse da ma can ɗaya ne. Autarsu Suwaiba kuwa kwamfuta ta sa a gaba, har abinci sai an yi mata faɗa take ci. Gidansu a kan tsohuwar marina aka gina shi. An cike ramukan rini duka, sai guda ɗaya a bayan gida da aka rufe da murfin siminti, don duk ƙasar da aka zuba masa shanyewa yake yi.

Suwaiba ce ta kawo maganar. Wai akwai wata gasa da ake yi ta intanet, ta wanda zai sa kwamfuta gudu fiye da yadda maƙeranta suka tsara. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗan abin nan da bai kai akwatin ashana ba, da an matsa mata sai ta ɗau zafi ta ƙone. Fanka ba ta isa ba, ƙanƙara ma ba ta isa ba. Sai sanyin da ya kai digiri casa'in ƙasa da inda ruwa ke daskarewa.

Sallau ya ce firij ɗaya ba ya kaiwa nan komai ƙarfinsa, sai an yi biyu, ɗaya na goye da ɗaya. Na farko ba ruwansa da kwamfuta, aikinsa kawai ya sanyaya gas ɗin na biyu, wani gas mai taurin kai da ba ya yarda ya zama ruwa a irin zafinmu. Na biyun shi ke kai sanyi cikin wani dunƙulen jan ƙarfe da ake ɗaurawa a kan ƙwaƙwalwar. Kuma akwai ƙa'ida: na farko ake fara kunnawa, a jira. Idan ya tsaya alhali na biyu na aiki, gas ya kumbura, bututu ya fashe.

Abin da ku yaran yanzu ba ku sani ba, firij ba ya ƙirƙirar sanyi. Zafi yake kwashewa daga nan ya zubar can. To, a bazarar garin nan fanka ta kasa kwashe zafin injin farko. Sai Sallau ya naɗe bututun zafin cikin duron ruwa, ruwan sanyi na shiga, na zafi na fita ta tiyo. Nafi'u ya ce kada tsakar gida ta yi caɓi, ya huda murfin ramin rinin nan ya zura bakin tiyon. Suwaiba ta kunna.

A nan ɓarnar take, ku saurara da kyau. A gidan nan tun suna yara ba wanda ya isa ya watsa ruwan zafi a ƙasa bai yi bismillah ba. Ko ruwan taliya Inna za ta tsiyaye sai ta yi, ta ɗan dakata, saboda ba mu kaɗai ke zaune a kan ƙasar nan ba, kuma mutanen ɓoye ma suna da yara. Su ukun sun san haka sarai. Amma ruwan da ke tafiya da kansa cikin tiyo, ba hannun da ya ɗaga shi, ba idon da ya ga zubarsa, ko ɗaya cikinsu bai kawo a ransa cewa shi ma zubarwa ce ba.

Inji ya yi aiki, wallahi ya yi. Dunƙulen jan ƙarfe ya yi fari fat, hazo na gangarowa daga teburi yana kwanciya a ƙasa kamar hayaƙin da ya gaji. Sunan Suwaiba ya fara hawa sama a gasar. Ana cikin wannan murna kaji suka daina zuwa bayan gida. Sai warin baban rini ya cika gidan, alhali rabon da a yi rini a wurin tun kafin a haifi Inna. Da rana tsaka kuma, lokacin da unguwa ta yi tsit, akan ji wani siririn kuka daga ƙarƙashin murfin. Suka ce kyanwa ce ta haihu.

Rannan da azahar Inna Tabawa ta faɗi a bakin murhu. Jikinta ya yi zafin da idan aka ɗora tsumma mai ruwa nan take yake bushewa. Bororo suka tashi a bayanta kamar wadda aka watsa wa tafasasshen ruwa, ruwan cikinsu kuwa shuɗi ne, irin na rini. An kai ta asibiti, an yi gwaji iri-iri, ba a ga komai ba, aka dawo da ita gida tana ta raguwa. Aka kira malamin unguwa ya yi karatu. Yana cikin yi bakin Inna ya buɗe, muryar da ta fito ta mace ce, amma ba tata ba ce.

"Ba ni na fara ba," in ji muryar. "Tun kakanninku na rini nake ramin nan, ban taɓa cutar da kowa ba. Da an yi bismillah da na ɗauke yarona. Kwana da kwanaki kuna dafa mini shi. Abin da ke jikinsa shi na sa a jikin uwarku. Idan ya huce ta huce, idan ya mutu ta mutu."

Malam ya naɗe buzunsa, ya ce wannan haƙƙi ne, kuma haƙƙi gyara yake so. Tsoro ya kama su, ga kunya, ga baƙin ciki. Suka ɗaga murfin suka jefa manyan ƙanƙara. Tun kafin ta kai ƙasa sai ka ji cuuu, tururi shuɗi ya taso. Muryar ta ce wannan wasa ne, su kawo sanyin da suka ƙona mata ɗa saboda shi, kuma da rana tsaka, don a lokacin kaɗai take buɗe hanya. Washegari suka jawo injin zuwa bakin ramin.

Sallau ya ɗauki ɓangaren zafi. Yanzu ba halin a zubar da ko ɗigo a ƙasa, ga shi injin farko zai yi aikin da ya fi na da, a tsakiyar rana, kuma idan ya tsaya komai ya tashi. Sai ya mayar da kansa tiyo. Ya jera tasoshi da kwanuka a kan rufin ɗaki, yana ɗiban tafasasshen ruwa daga duro da bokiti, ya hau tsani ya juye, ya sauko ya jawo na rijiya ya zuba, kowace ɗiba da bismillarta. Ruwan na fantsamar masa a hannu har fata ta sale. Da kwamfuresa ta fara wata irin ƙara da kunnensa ya san ta mutuwa ce, ya tuɓe rigarsa ya jiƙa ya rungume ta da ita, yana ji ƙarfen na cin ƙirjinsa, bai saki ba sai da ƙarar ta daidaita. Ba don shi ba da injin ya fashe tun sanyi bai sauka ba.

Nafi'u ya ɗauki hanya. Tun da safe ya ƙera sabon dunƙule, ya yi waldar dogon bututu gaɓa-gaɓa, ya naɗe shi da soso, kuma ko ƙofar allura aka bari a gaɓa ɗaya gas ya tsere kenan, ga shi ba su da wani. Da aka zura, dunƙulen ya tsaya yana lilo a duhu, muryar ta ce yaron ba ya iya tashi, sai an kai masa. Nafi'u ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Ramin rini tsayin mutum biyu ne, amma shi ya yi ta sauka har bakin ramin ya koma kamar kwabo a sama. Can ƙasa wani ɗan ƙaramin hannu mai zafi ya kama wuyan hannunsa, ya ja shi a hankali ya ɗora a kan wani baya da ke rawa. Haka ya riƙe dunƙulen a wurin, safar hannunsa ta daskare, yatsunsa suka mutu, wani abu mai tsawo kuma yana numfashi a bayan wuyansa, bai waiwaya ba. Ba don shi ba da sanyin bai taɓa yaron ba.

Suwaiba ta ɗauki linzami. Ita ta lura da abin da yayyenta ba su lura ba, cewa irin wannan sanyi idan aka sake shi gaba ɗaya a kan ƙuna, kisa zai yi kamar yadda zafi ke yi. Sai ta sa aka bar tsohon dunƙulen a kan ƙwaƙwalwar kwamfutarta, su raba sanyin da yaron. Tun kafin a zura sabon dunƙulen ta liƙa masa ma'aunin zafi, ta zauna tana kallon allo. Lambobin suka fara hawa da sauka a hankali, ta gane numfashin yaron take gani. Idan ya yi sauri sai ta rage wa kwamfuta gudu, sanyi ya tafi ƙasa. Idan ya fara ɗaukewa sai ta ƙara mata gudu ta cinye rarar. Aka kai wani lokaci da lambobin suka tsaya cak, Inna ma a ɗaki ta daina numfashi. Suwaiba ta tura ƙwaƙwalwar iyakar ƙarfinta, ta ƙara mata wuta fiye da kima, har ta janye sanyin duka ta ƙone ƙurmus, lambobin suka sake motsi. Ba don ita ba da maganin ne ya kashe yaron.

Kafin la'asar kukan ramin ya tsaya. Aka jawo Nafi'u sama, tufafinsa sun rine shuɗi. Inna Tabawa ta yi gumi, jikinta ya yi sanyi, ta buɗe ido ta nemi ruwa da muryarta ta ainihi. Suka kewaye ta suna kukan daɗi. Ta kurɓa sau ɗaya, sai idonta ya kafe, waccan muryar ta dawo.

Ta ce yaro ya yi barci, kuma ta gode. Amma irin wannan ƙuna a jikinsu tana tashi duk bazara, ita kuwa ba ta san kan ƙarafunansu ba, kuma ba za ta zauna tana jiran mutanen da suka manta da ita sau ɗaya su tuna ba.

"Wanda aikinsa ya ceci ɗana, shi za ku ba ni," in ji ta. "Zai sauka tare da ni. Ba zan cutar da shi ba, zai ci ya sha, amma ba zai ƙara hawowa ba. Ku faɗi sunansa kafin inuwar katanga ta kai bakin ramin. Idan kuka ba ni wanda ba shi ba, zan sani, kuma uwarku zan ɗauka."

Kuna tsammanin turereniya suka yi, kowa na nuna ɗan'uwansa? Ina! Sallau ya miƙa hannayensa da suka sale, ya ce shi ne tushe, duk sanyin da ya sauka a kan zafin da ya kwashe ya hau, kuma shi ne babba. Nafi'u ya ce ƙarya ne Yaya, sanyin da bai isa wurin mara lafiya ba ba magani ba ne, kuma shi yaron ya riƙe, shi ya san hanya. Suwaiba ta ce su biyun da kashe yaron za su yi da ƙarfinsu, ita ta auna, kuma ita ta jawo masifar gidan tun farko. Kowannensu na tsoron ramin, amma ba wanda zai iya kallon ɗan'uwansa na sauka.

Muryar ta ɗan saki Inna. Tsohuwar ta dubi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce don Allah su yi shiru kada su ambaci kowa, ita ta ci zamaninta, a bar ta ta tafi.

Suwaiba ta kama hannun Inna. Zafi ya fara dawowa tafin hannunta da ke cikin na Suwaiba, inuwar katanga kuwa saura taki kaɗan.

To, ga ku ga su. Rai ɗaya ne a hannunku, kuma kuskure ba ya gyaruwa. Tsakanin wanda ya kwashe zafi, da wanda ya kai sanyi, da wadda ta auna shi, aikin wane ne ya ceci yaron? Sunan wa za ku faɗa?