Filin da Garzali Yake Bari

Masu labari sun ce an yi wata shugabar kamfani, Injiniya Barira, wadda kamfaninta ke ƙera cif, ɗan guntun nan da bai kai farce ba amma shi ne ƙwaƙwalwar na'ura. Shekara biyu tana tatsar ilimin tsofaffin masu zana taswirar cif, ana ɗura wa wata manhaja ƙa'ida-ƙa'ida: in kaza ya faru, a yi kaza. Da manhajar ta fara gama aikin wata shida cikin wuni guda, sai Barira ta ƙudurta sallamar tsofaffin, taswirar cif ɗin injin wankin ƙoda kuma ta wuce masana'anta ba tare da idon mutum ya gan ta ba.

Mashawarcinta, Malam Jibo, tsoho ne da ba a taɓa ganin dariyarsa ba. Ya dubi takardar sallamar. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ina tsoron mu bi sawun mutanen Garzali."

Ta ce, "Yaya labarinsu yake?"

Ya ce, "A wani kamfani an yi mai zana taswirar cif, Garzali, wanda kullum yake barin fili tsakanin sashen lissafi da ma'ajiyar bayanai. Aka turo mai tattara ƙa'idoji, ya rubuta ɗari huɗu daga bakinsa don a ɗura wa manhaja. Da ya tambayi dalilin filin, Garzali ya ce hannunsa ne ya saba. Mai tattarawa ya ce, 'Sabo turken wawa.' Garzali ya ce, 'Zauna ka ji labarin magajin magini.

"'Wani magini yakan bar 'yar huda a gindin kowane rumbu. Da ya rasu ƙanensa ya gaji sana'ar. Ya kwaikwayi tsawo da faɗi daidai, hudar kuwa ya ce mantuwar marigayi ce, ya liƙe. Damina ta yi nisa, laima ta rasa mafita. Ranar da yunwa ta sa aka buɗe rumbunan, dawa ta zama baƙar ruɓa. Ka ga, ba duk abin da hannu ya sani baki ke iya faɗa ba.'

"Mai tattarawa ya yi tsaki, bai rubuta ba. Manhaja ta ga fili asara ne, ta matse shi. Cif ya ci kowane gwaji a ɗaki mai sanyi, aka saka shi cikin injin taimakon numfashi. Wata azahar ta bazara na'urar sanyaya ɗakin asibiti ta tsaya. Zafin sashen lissafi ya kama ma'ajiya, injin ya ɓata ƙidayar numfashi. Rai uku suka tafi."

Barira ta dube shi. Ta ce, "Malam, wa ya ba ka labarin nan dalla-dalla haka?"

"Ni ne na yi tsakin," in ji Jibo. "Ta ukun ƙanwata ce, Talatu. Ni na zaɓar mata asibitin, don na ji injinmu suke amfani da shi."

Barira ta ture takardar sallamar gefe. Ta ce, "Gani ga wane ya isa. Manhaja ta zana, tsofaffi su duba. Duk filin da suka bari a tambaye su dalili, in sun kasa faɗa, a bar shi yadda yake."

Jibo ya miƙe ya tafi kiran su. A ransa ya ce wannan ce ƙa'ida ta ɗari huɗu da ɗaya, ga shi an rubuta ta, sai dai Talatu ta shekara goma sha ɗaya a kabari.